Majiya ta Huɗu

Malam Gide ya shekara ashirin da bakwai yana koyar da Turanci, kuma a iya sanin mutane bai taɓa cutar kowa da gangan ba. A Faskari aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa ya sa shi boko ne bayan ya lura yaron ba ya iya noma kunya guda sai ya tsaya ya tambayi dalili. Ya yi kwalejin horon malamai, aka tura shi Sabuwa ya yi shekara tara, sannan aka maido shi wata sakandaren jeka-ka-dawo a Ƙanƙara, inda yake har yau. Dogo ne, siriri, da biro biyu a aljihun gaba, shuɗi da ja. Shuɗin yakan kai shekara. Jan ba ya wuce wata guda.

Wata shekara aka kai shi bitar kwana uku a Katsina. Sauran malamai suka dawo da jaka da takardar shaida, shi ya dawo da ra'ayi: kada ɗan aji shida ya bar sakandare sai ya rubuta takardar bincike ta shafi biyar da Turanci. Abin ba ya cikin manhaja, ba a kuma tambayarsa a jarrabawar fita. Firinsifal ya ce shi ba ruwansa, muddin ba a ofishinsa za a nemi takardar rubutu ba.

Tsarin ba ya canzawa. A zangon farko kowa ya zaɓi batu, ya matse shi har ya zama tambaya ɗaya. Sannan a samo kwalin taliya a yanka shi ƙanana kamar tafin hannu. Kowane kati magana ɗaya za a rubuta masa, a bayansa kuma sunan wanda ya faɗe ta, da garinsa, da ranar da ya faɗa. In katuna sun taru a baje su kan benci, a yi ta matsar da su har labari ya miƙe, sai a yi daftari, Malam ya jiƙa shi da ja, a sake. Shafin ƙarshe shi ne jerin majiya, wato sunayen duk waɗanda aka ji magana daga bakinsu. Ɗakin karatun makarantar littafi goma sha ɗaya gare shi, huɗu daga ciki ƙamus ne iri ɗaya, don haka majiyar yaran mutane ce: kaka, liman, mai unguwa, ungozoma.

Duk jimlar da ta zo ba uba, Malam Gide zai ja mata layi ya rubuta a gefe, “Wa ya faɗa?” Da haka aka san shi, har yara ba sa kiransa wani suna a bayan idonsa. Gida ma bai tsira ba. Ran nan matarsa Suwaibatu ta ce masa maƙwabciyarsu ta sauka.

“Wa ya faɗa?”

“Jaririn, Malam. Ga kukanshi nan ta katanga, in kana so ka rubuta kwanan wata.”

An sami takardu masu kyau ta wannan hanya. Wata ta rubuta tarihin rijiyoyin 'Yargoje, wani ya bi diddigin irin dawar da ake shukawa a Pauwa tun kafin takin zamani. Amma takardar da ta fi duka, a faɗar Malam Gide kansa, ita ce ta wani yaro Jabiru, ɗan wani ƙauye da ake kira Tungar Marke, can gefen daji.

Mahaifin Jabiru, Malam Audi, bakaniken mashin ne. Sau ɗaya tak Malam Gide ya gan shi, ranar da ya rako yaron makaranta. Hannunsa baƙi ƙirin da mai, don haka da suka zo gaisawa sai ya dunƙule shi ya miƙo tsintsiyar hannu, yana dariya yana cewa kada ya ɓata wa Malam riga.

Jabiru ya zaɓi ya yi rubutu kan sana'ar ubansa: me ke lalata mashin a hanyoyin ƙauye? Ya kawo daftari mai tsabta, da bayanin sarƙa da taya da gurɓataccen mai. A shafi na huɗu akwai sakin layi guda da ke cewa a 'yan shekarun nan aiki ya ƙaru, saboda wasu mutane daga daji kan kawo mashin takwas ko goma a lokaci guda, ba lamba, ranar Talata da hantsi, kuma ba sa jira a yi musu ciniki. Malam Gide ya ja layi.

“Wa ya faɗa?”

“Malam, kowa ya sani.”

“Kowa ɗan gidan wa ne? A wace unguwa yake?”

Aji ya fashe da dariya. Jabiru ya koma ya rubuta “wani mutum”. Malam ya maido masa. Ya rubuta “wani dattijo mai sana'a”. Malam ya sake maido masa, ya ce in babu suna babu maki, ƙa'ida ba ta san ɗan gida ba. A karo na uku takarda ta dawo da sunan Malam Audi, da garinsa, da ranar hira, kowane waƙafi a mazauninsa.

Ranar raba kyaututtuka aka kafa rumfa, aka yi hayar lasifika, iyaye da 'yan kallo suka kai ɗari uku. Malam Audi bai zo ba, aiki ya yi masa yawa. Jabiru ya karanta takardarsa da Turanci, aka tafa, aka ba shi ƙamus. Da a nan aka tsaya, da ba wanda ya ji komai sai malamai biyar da ke gyangyaɗi. Amma Malam Gide mutum ne mai tausayin jama'a. Ya ga bai dace iyaye su zo daga nesa su koma ba su ƙaru ba. Sai ya karɓi abin magana ya fassara takardar da Hausa, jimla bayan jimla, har jerin majiya, don a ga yadda ake aikin ilimi. Lasifikar mai kyau ce. An ji shi har bakin tasha.

Kwana tara bayan haka, ranar Talata da hantsi, mutanen daji suka shigo Tungar Marke. Suka fara tsayawa teburin Mani mai shayi kamar yadda suka saba, suka sha, sannan suka wuce rumfar Malam Audi suka ce ya hau bayan ɗaya daga cikinsu. Bai dawo ba. Ba a kira kowa a waya ba, ba a ga gawa ba, ba a yi jana'iza ba. Matarsa Hajaratu ta shekara tana ajiye masa tuwo kafin malamai su ba ta fatawa.

Ranar Alhamis Jabiru ya zo makaranta da kayan gida, ya tsaya a ƙofar ofishin malamai har kowa ya fita sai Malam Gide. Yaron yana rumfar mahaifinsa lokacin da abin ya faru, shi kaɗai ya ji abin da suka ce.

“Cewa suka yi, ‘Kai ne bakaniken da aka saka a lasifika?’ Shi ke nan, Malam.”

Ya ajiye ƙamus ɗin a kan tebur.

“Don Allah kada Inna ta ji takardata ce.”

Daga nan ya tafi kudu yin acaɓa. Malam Gide ya riƙe wannan amana da ƙwazon da ba kasafai ake ganin irinsa ba. Mutum ɗari uku sun ji lasifika, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan, ko kuma wanda ya haɗa ya ga ya fi masa sauƙi ya raba. Abin da mutanen Tungar Marke suka gani da idonsu shi ne an sha shayi wajen Mani kafin a ɗauki Audi. Ba a ce komai a gabansa ba. An dai daina zama a bencinsa.

Malam Gide bai fasa ba da aikin bincike ba, domin fasawa na buƙatar bayani. Batutuwan ne suka canza. Shekara shida ɗalibansa suna binciken amfanin dasa itatuwa da illar wayar hannu ga matasa, kuma kowace shekara ana gano cewa itatuwa na da amfani. “Wani dattijo” ya zama babban malamin da aka fi ambata a makarantar, ba a kuma taɓa tambayar ɗan gidan wa ne ba. Jan biro ya fara kai zango guda. Sababbin yara sun gaji sunan Wa-ya-faɗa daga yayyensu ba tare da sun taɓa jin ya faɗa ba.

Wani abu kuma ya same shi. In yana cikin darasi mashin ya wuce bayan katanga, sai ya tsaya tsakiyar jimla, alli a sama, har ƙarar ta ɓace. Yara suka ɗauka kunne ne. Ya daina bi ta layin bakanikai, ya gwammace ya zagaya ta bayan masallaci. In wani mai aikin hannu ya miƙo masa tsintsiyar hannu a gaisuwa, yakan wuni bai ci abinci ba. Suwaibatu ta kai shi asibiti sau biyu, aka auna, aka ce lafiyarsa lau.

Cikin waɗannan shekaru Tungar Marke ta watse, kamar wasu ƙauyukan gefenta. Mutanenta suka taru a wata unguwa a bayan Ƙanƙara. Mani ya kafa teburinsa kusa da tasha, inda baƙi ke sha, 'yan garinsu kuma su tsallaka titi. Hajaratu ta kama ɗaki biyu, tana ƙuli-ƙuli. Autarta Ikhlas ta shiga makarantar, ta yi ta hawa aji, Malam Gide yana ganin tahowarta kamar yadda ake ganin hadari daga gabas, har ta iso aji shida ta zauna a benci na biyu.

Da aka zo zaɓen batu ya rubuta guda biyar a allo, duk masu lafiya. Ikhlas ta ɗaga hannu.

“Malam, in mutum yana da nashi fa?”

“Mi ne ne naki?”

“Sai na kawo.”

Ya kamata ya tsaya nan ya tambaya. Sai mashin ya wuce, kuma da ƙarar ta ɓace an riga an buga ƙararrawa.

Ta kawo daftarin ranar wata Litinin, lokacin hutun tara, ta same shi a inuwar dalbejiyar da ke gaban ofis. Tambayarta tana saman shafi, layi ɗaya, a matse kamar yadda ake so: wa ya kai sunan mahaifina daji? Shafi biyar cif. Ta faro da tarihin garin, ta kawo sana'ar uban, ta jera abin da ya faru ranar Talatar. A shafi na biyar ta kammala da cewa Mani mai shayi ne. A ƙarƙashi majiya uku, da cikakken suna da kwanan wata. Shekara shida bai ga aiki mai kyau irin wannan ba.

Ya karanta sau biyu. Ya zaro jan biro ya gyara mata kalma uku.

“Turancinki ya yi kyau. Amma batun ya yi nauyi. Ki koma kan itatuwa.”

“Malam, an gama itatuwa. Yayar ƙawata ta yi, ƙawata ta kwafa, ƙanwarta tana jira.”

“To wayar hannu.”

“Ba ni da waya. Uba gare ni, shi ma babu.” Ta faɗe shi ba tare da ta ɗaga murya ba. “Ina kuskuren yake? Yaya Jabiru ya taɓa ce mani kai ba ka karɓar magana sai da mai ita. Ga masu ita nan, uku.”

“Wa zai karanta in kin gama? Ni kaɗai ne.”

“Da Baffa Yahuza. Ya ce in an sa hannu ranar Juma'a in kai mashi in fassara mashi. Ya ce su abin da suka rasa ke nan, abu a rubuce.”

Yahuza ƙanen Malam Audi ne, kuma yana cikin 'yan sa-kai, masu bindigar gargajiya da ke gadin unguwa. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke samun mutumin da aka kira infoma, an kuma san ba a cika kai shi gaban alƙali ba. Shekara shida Mani yana rayuwa a kan cewa zancen bai wuce raɗa ba. Yanzu zancen ya sami shafi biyar, da Turanci, saura sa hannun malami.

Malam Gide ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

“Wa ya faɗa?”

Ikhlas ta yi murmushi, irin na wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ta kwance ƙullin leda ta baje katunan a kan benci. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, wata tsohuwa, ta ce a bakin mai dakan unguwa ta ji. Mai daka ta ce mijinta ya gaya mata. Mijin ya ce ai tsohuwar nan ce ta fara faɗa, kuma tsohuwa ba ta ƙarya.

“Kin gani? Ba wanda ya ji da kunnenshi. Zagaye suke.”

“Na gani, Malam. To ba wanda ya ce ba shi ba ne. Kuma wani ya kai sunan, ba tashi ya yi ya tafi da ƙafarshi ba. In ba Mani ba, wa?”

Ya ce ta bar masa takardar zai duba.

Ya duba ta ranar Talata da Laraba. Ya gano hanyoyi da dama. Zai iya ba ta maki kaɗan saboda raunin majiya, sai dai Yahuza ba maki yake nema ba. Zai iya cewa takardar ta ɓace, amma katunan suna hannunta. Zai iya soke aikin bincike na bana gaba ɗaya, firinsifal ma zai yi murna. Duk hanyar da ya bi, a ƙarshenta Mani yana tsaye yana wanke kofi bai san ana zancensa ba. Ranar Laraba da la'asar Suwaibatu ta same shi a tsakar gida yana yanka kwalin taliya.

“Malam, yara sun ƙare ne ka koma yi wa kanka?”

“Kati ɗaya nike so.”

“Ka yanka goma sha biyu.”

“Ba su miƙe ba.”

Ranar Alhamis bayan an tashi, ya ce Ikhlas ta tsaya. Ya fito da tsohon ƙamus da wata takarda da ta yi ja don daɗewa ya ajiye a gabanta. Ta gane rubutun yayanta tun kafin ta karanta sunan. Sannan ya bar kujerarsa ya zauna a bencin ɗalibai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya miƙa mata katin da biro shuɗi.

“Kina da majiya ta huɗu. Rubuta kwanan wata tukuna.”

Ya faɗa mata a jere, yadda yake son a jera labari. Sakin layin shafi na huɗu. Yadda Jabiru ya ƙi sa suna sau biyu, da yadda aka sa aji ya yi masa dariya. Rumfa da lasifika. Wanda ya ga ya kamata a fassara. Abin da mutanen suka ce a rumfar gyara. Bai ce kuskure ne ba, bai ce ƙaddara ce ba, don ba a tambaye shi ra'ayi ba. Katin ya cika, ta juya ta rasa wuri, ya miƙo mata wani daga cikin goma sha ɗayan da ba su miƙe ba.

Da ya gama ta daɗe tana kallon allo.

“Shekara uku ina gaishe ka kullum da safe, Malam.”

“Ina amsawa.”

“Ranar nan har ka ce in gaida Inna.”

Ta share fuska da gefen hijabi, ta juya katin ƙarshe.

“Yaya zan rubuta sunan?”

“Sunan mahaifi farko, sai waƙafi, sai nawa. Gari, Ƙanƙara. Kada ki sa wani dattijo. Kuma majiya ɗaya ba ta isa. Ki kira yayanki. Ki ce mashi ni na karya alkawarin, ba shi ba.”

Ta kira shi da wayar maƙwabta. An ce da ta gama faɗa masa, cewa ya yi, “Haka aka yi.”

Takardar da ta kawo ranar Juma'a babu sunan Mani a ko'ina cikinta. Malam Gide ya gyara waƙafi biyu, ya sa hannu, ya ce ta kai wa baffanta, ta fassara masa duka har shafin ƙarshe. Ya koma gida ya gaya wa Suwaibatu, wadda ta zauna a kan turmi ta ce, “Shi ne ciwon da aka auna aka rasa.” Sannan ya sa kujera a zaure ya jira.

Yahuza ya zo ranar Asabar da hantsi, ba bindiga. Bai karɓi tabarma ba. Ya tsaya ya kalli Malam Gide daga hula har takalmi, kamar mai neman inda zai kama ya rasa.

“Da infoma ne, na san abin da zan yi,” ya ce. “Kai kuwa ban san mi ake yi da irinka ba.”

Ya juya ya tafi. Hajaratu ba ta aiko da magana ba, har yau. In sun haɗu a hanya takan gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi iyali da aiki da gajiya, ba ta tsallake ko ɗaya, shi kuma ya tsaya ya amsa duka.

Mutanen Tungar Marke ba su koma bencin Mani gaba ɗaya ba. Wanda ya shekara shida yana tsallaka titi ba ya son a ce masa a banza ya yi ta tsallakawa. Biyu sun koma, sai uku. Malam Gide, wanda likita ya hana shan zaƙi, yanzu can yake karyawa kowace safiya kafin ya wuce makaranta, a bakin bencin da ke kallon titi.

Ranar farko da ya je, Mani bai san shi ba sai a suna. Yana cikin wanke kofuna, hannunsa duk kumfa, sai ya dunƙule shi ya miƙo tsintsiyar hannu. Malam Gide ya kama ya riƙe. Wani mashin ya taso daga tasha ya wuce su, ya yi nisa, ƙararsa ta ɓace, bai saki ba.

“Malam,” in ji Mani, “da madara ko baƙi?”